Yadda za mu tsare yaranmu daga cizon kare a Katsina

Karnuka sun ƙaru a Katsina, kuma kowa ya san dalili. Tun da tsaro ya taɓarɓare, mutumin da a da ko haushi ba ya son ji a ƙofar gidansa ya nemi ɗan kwikwiyo ya ajiye. A sababbin unguwannin bayan ganuwa, inda za ka ga gida ɗaya a tsakanin kangaye uku, masu hali da yawa suna da na gadi. Ga na mafarauta, ga masu bin shanu, ga kuma waɗanda ba su da ubangida, suna kwana a kwalbati suna kiwo a juji da bakin kwata. Ta cikinsu kuma yaranmu ke ratsawa kullum: mai zuwa Islamiyya, mai tallar gyaɗa, wanda aka aika sayen magi bayan magariba, da almajirin da ke leƙa zaure da robarsa.

Illar kare iri biyu ce. Akwai wadda ido ke gani, wato yaga da zubar jini. Akwai kuma wadda ba a gani, ciwon haukan kare, kuma ita ce mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana, sabulu da ruwa da allura suna tare shi. Don haka babban raunin da ke sa a ruga asibiti bai fi ba ni tsoro ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan ƙwarzanen da yaro ya rufe da ƙafar wando bai faɗa wa kowa ba.

Mataki na farko: cire wa yaro tsoron faɗa

Da wannan na fara, don in babu shi sauran matakan ba za su yi aiki ba. Yaronmu ya san in ya dawo da ciwo, tambayar farko ita ce, "Uban wa ya aike ka can?" ta biyu kuma dorina ce ko silifa. In ya jefi kare karen ya kama shi, ko ya bi lungun da aka hana shi, lissafin da zai yi a ransa mai sauƙi ne: ya yi shiru ya tsira daga duka. Ciwon ya warke cikin mako guda, kowa ya manta. Ƙwayar cutar kuwa tana nan tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ranar da zazzaɓi ya zo, yaro ya fara firgita, ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, iskar fanka ma ta razana shi, ba wanda zai tuna da kare. Sai a ce iska ce ta taɓa shi.

Saboda haka a tara yara, uba da uwa suna zaune, a yi musu alkawari a fili. Uwa ta ce, "Ku ji nan. Duk wanda kare ya ciza, ko ya yakusa, ko ya lasar masa ciwo, ko da shi ya tsokane shi, ya zo ya faɗa mini nan take. Wallahi ba mai dukansa." Uban kuma ya maimaita da bakinsa, don shi aka fi tsoro. A haɗa da kyanwa a cikin maganar, ita ma tana ɗaukar ciwon. A gaya wa manyan yayye cewa rufa wa ƙane asiri a nan cutarwa ce. Ranar da abin ya faru kuma a cika alkawarin, ko da ran mutum ya ɓaci. Faɗa yana iya jira sai an dawo daga asibiti.

Masu yi wa ƙananan yara wanka su riƙa duba sha-raɓa da bayan cinya da yatsu. Ɗan shekara uku ba zai iya ba da labari ba, amma sawun haƙori yana nunawa.

Mataki na biyu: koya masa lokutan da ba a kusantar kare

"Kada ka je wurin kare" bai isa ba, don yaro zai ga abokinsa yana wasa da nasu lafiya lau, ya ɗauka tsoratarwa ce kawai irin ta manya. A ba shi abin da zai iya riƙewa. Ba a taɓa kare yana cin abinci ko yana gaigayar ƙashi. Ba a tashinsa daga barci. Ba a zuwa kusa da wanda aka ɗaure, ba a zura hannu ta ƙarƙashin get ko ta ramin katanga. Ba a taɓa mara lafiya ko wanda mota ta buge, komai tausayi, sai dai a kira babba. Ba a raba karnuka in suna faɗa ko suna barbara.

Wanda ya fi kama yaranmu shi ne kwikwiyo. Karya takan haihu a kango ko cikin tarin bulo, yara su ji kukan 'ya'yan, su shiga ɗauka. Karya mai jego ba ta da wasa, ko ta gida ce. Shi kansa kwikwiyon da aka tsinta a hanya ba a san abin da ke jikinsa ba, kuma ɗan cizonsa na wasa, in yana ɗauke da cutar, daidai yake da na babba.

Sai jifa. A unguwanninmu ganin kare da ɗaukar dutse kamar tare aka halicce su, manya suna kallo ba sa cewa komai. Karen da ya sha jifa a hannun yara yana koyon cewa duk ɗan gajeren mutum maƙiyi ne, kuma sau da yawa wanda zai rama a kansa ba shi ne ya jefe shi ba, wata 'yar talla ce da ta zo wucewa. Addininmu ma bai ba mu wannan ba. Hadisi ingantacce ya zo da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malaman Islamiyya su riƙa haɗa wannan da maganar wanke ƙwarya sau bakwai, don yaro ya gane cewa nesanta da kare daban, zaluntarsa daban.

A nuna masa kuma yadda kare ke gargaɗi, don da wuya ya yi cizo bai yi ba. Jikinsa yakan sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya kafe mutum da ido, ya ɗage leɓe, ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Mai jin tsoro kuma yakan cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunne, ya kau da kai yana lasar baki, farin idonsa ya fito. Wannan na biyun in aka matse shi a kwana ya fi saurin kai cizo. Kaɗa bindi ba shaidar zumunci ba ce: in bindin yana sama a sandare yana ɗan rawa da sauri, a ja baya.

Mataki na uku: abin da zai yi in kare ya nufo shi

Duk abin da jikin yaro zai ce ya yi a wannan lokaci, wato gudu da ihu da wurgi da hannu, shi ne abin da ke tunzura kare. Kare ya fi kowane yaro gudu, kuma ɗabi'arsa ce ya bi abin da ke gudu. Abin da ake so shi ne yaro ya tsaya cak, ya haɗe ƙafafu, ya naɗe hannuwa a ƙirji ya dunƙule yatsu, ya ɗan juya gefe, ya dubi ƙasa, ya yi shiru. Kada ya haɗa ido da karen. Yawancin karnuka za su zo su shinshina, su ga ba abin bi, su wuce. In ya juya, sai yaro ya riƙa ja da baya a hankali, ba tare da ya ba shi baya ba, har ya kai ga mutane ko wata ƙofa.

In yana riƙe da abinci, ya jefar da shi gefe can nesa da jikinsa. Nan ma akwai aikin iyaye: a gaya wa 'yar talla cewa in kare ya tare ta, ta saki tiren, ba wanda zai tambaye ta kuɗin awara. Yara da yawa suna rungume kayan talla saboda tsoron gida. In karen ya yi tsalle, yaro ya tura masa abin da ke hannunsa, jakar makaranta ko allo ko bokiti, ya bar shi ya ciji wannan. Mai keke kada ya ce zai tsere, ya sauka ya sa keken tsakaninsa da karen.

In kuma ya kayar da shi, ya dunƙule kamar bushiya: gwiwoyi a ƙirji, fuska a ciki, hannuwa a dunƙule sun rufe kunnuwa da ƙeya, ya daina motsi. Wuya da fuska ake karewa.

Faɗa da baki ba ya zama a jikin yaro, sai an gwada. Da yamma a tsakar gida, yayansu ya rarrafo yana haushi, ƙananan su tsaya cak. Za ka ga na farko ya ƙyalƙyale da dariya ya ruga bayan Inna, ta biyu ta tsaya amma ta rufe ido tana leƙe ta tsakanin yatsu. A gyara musu hannu, a sake. Wanda ya daure har "karen" ya gama shinshina ƙafarsa ya tafi, a ba shi alewa. A maimaita bayan 'yan makonni har ya zama jiki ne ke yi ba tunani ba.

Mataki na huɗu: san hanya, san lokaci

Ka taka da ƙafarka hanyar da yaranka ke bi zuwa makaranta da masallaci da shago. Ina juji yake, wane gida ne ke sakin kare, ina kango? Karnukan gadi da dare ake sakinsu, wasu masu su kuma ba sa ɗaure su sai rana ta fito, shi ya sa bayan isha'i da sanyin asuba suka fi haɗari. Aiken dare na babba ne. In dole ne, yara su tafi su biyu ko uku da tocila. Bayan Babbar Sallah, lokacin da ake zubar da ƙashi da tumbi ko'ina, karnuka kan taru a juji, a binne irin wannan shara ko a kai ta nesa da gidaje.

Jariri da mai rarrafe kuwa ba a barinsu da kare su kaɗai ko na minti ɗaya, ko da karen a gidan aka haife shi. Da bazara ana shimfiɗe jinjiri a tabarma a tsakar gida uwa ta shiga madafa. In akwai kare a gidan, ko dai a goya yaron ko a rufe karen.

Mataki na biyar: kai mai kare

Malamai sun yi bayanin cewa an yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, wasu kuma suka haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Amma wanda ya ajiye ya ɗauki amanar maƙwabta.

Riga-kafin haukan kare ana fara shi in kwikwiyo ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. A je asibitin dabbobi na gwamnati ko wurin likitan dabbobi mai rajista, a karɓi katin shaida mai kwanan wata, a adana. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta samo asali tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura a nan gida. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar tana daina yawo a tsakaninsu, kuma da wannan ake son kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare zuwa shekarar 2030. A kusa da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya, akan yi gangamin allura a wurare da dama, a sa kunne a rediyo. Mafarauta masu garken karnuka su ne ya fi kamata su fara fitowa, don nasu ne ke shiga daji suna cuɗanya da namun dawa.

Katangarka ta zama wadda kare ba ya tsallakewa, get ɗinka ya zama yana rufuwa, kuma a rubuta a jikinsa cewa akwai kare. Da yake almajiri da ƙaramin yaro ba lallai su karanta boko ba, a zana hoton karen, a kuma ware zaure daga inda yake, ta yadda mai sallama ba zai faɗa kansa ba. In za a fita da shi, da igiya, in mai zafi ne har da takunkumi. Masu sayen manyan karnukan waje irin su Alseshan da Rotwaila don a ce suna da su, su sani wanda bai iya sarrafa irin waɗannan ba bai kamata ya ajiye su a gida mai yara ba, kuma barinsu a hannun ɗan aike mai shekara goma sha biyu ganganci ne.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari: ɗaure kare da gajeriyar sarƙa a rana, a hana shi abinci, a riƙa zungurarsa wai don ya yi zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40. Dabbar da ta wuni a haka babu inuwa babu ruwa, ranar da sarƙar ta tsinke ba ɓarawo za ta tarar ba, yaran gida za ta tarar. A yi masa ɗaki mai inuwa da sarari, a ba shi ruwa da abinci kan lokaci. In ya yi wa yaro gurnani kada a doke shi don ya daina gurnanin, a raba su, a gane abin da ya jawo. Karen da aka hana gargaɗi, cizo zai riƙa yi kai tsaye. "Ai namu ba ya cizo" kuwa, sabo turken wawa ne.

In karen maƙwabci ne ke damunka, ka same shi cikin mutunci tun abin bai faru ba: "Alhaji, don Allah alfarma nake nema. Yaran nan da asuba suke wucewa makarantar allo, a taimaka a riƙa ɗaure shi kafin kiran salla." In bai ji ba, a kai wa mai unguwa. Kada a zuba guba a nama a jefa, tana kashe kaji da awaki da kyanwowi, kuma yaro na iya ɗauka.

Mataki na shida: in kare ya kama yaro a gabanka

Kada ka ja yaron, jan ne ke mai da huda ta zama yaga. Kada ka kai hannu bakin karen. Ka sheƙa masa ruwa a fuska da bokiti, ko ka jefa masa buhu ko bargo a kai ka rufe idonsa, ko ka tura benci ko kujera ko faifan kwano tsakaninsu. Ka ƙwala wa mai shi kira in yana kusa. Da ya saki, ka shiga tsakani da abin da ke hannunka, wani ya ɗauke yaron a shiga gida a rufe ƙofa. Taron da zai bi karen da sanduna ya jira, yaron ne a gaba.

Mataki na bakwai: wanki na minti 15

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane araha, kuma shi aka fi tsallakewa. Ƙwayar cutar a cikin miyau take, kuma sabulu yana lalata ta. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai zuba na tsawon minti 15 cur, a duba agogon waya. Kowane sabulu ya yi, na wanka ko na wanki. In babu famfo, mutum ɗaya ya riƙe yaron a cinya, na biyu ya riƙa tsiyayo ruwa daga buta, na uku yana cika wata butar daga randa ko jarka don kada ruwan ya yanke. A sa kumfa, a buɗa bakin raunin a hankali ruwan ya shiga ciki, a ɗauraye, a sake sa kumfa. Yaron zai yi kuka har muryarsa ta dushe, kakarsa za ta ce, "Haba, ya isa haka, ku ƙyale mini shi." A ba ta haƙuri a ci gaba. Minti 15 yana da tsawo ƙwarai in yaro yana kuka a hannunka, shi ya sa na ce a duba agogo. Mai wankin ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda in yana da ciwo a hannu. In miyau ya shiga ido ko baki, a wanke da ruwa zalla mai yawa.

Bayan nan a shafa aidin ko sifirit in akwai, a rufe sama-sama da tsumma mai tsabta, kada a ɗaure tam. In jini yana tsartuwa ko raunin a wuya yake, a danne da tsumma a nufi asibiti, a yi wankin a can.

Ba a zuba toka, ko barkono, ko kalanzir, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko ƙasa. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa. Ƙona gashin karen a shafa, wanda har yanzu ake ba da shawararsa, ba ya kashe ƙwayar, ƙazanta yake ƙarawa. Na san abin da ke sa mutane suke yarda da irin waɗannan: ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, don haka da yawa sun shafa sun zauna lafiya, sai a ce magani ya ci. Wanda ya gamu da mahaukacin na gaske shi ne ba ya nan balle ya ba da labari. A yi addu'a, a yi tofi, ana yi ana tafiya asibiti.

Mataki na takwas: asibiti a ranar

Ba gobe ba, ba sai an ga yadda ciwon zai yi ba. A cikin birni akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina, a ƙananan hukumomi kuma a fara da babban asibitin da ya fi kusa, in ba su da allurar su faɗi inda za a samu. A gaya wa likita yaushe abin ya faru, karen waye, ko yana da katin riga-kafi, ko tsokanarsa aka yi ko haka kawai ya afka.

Ga yadda ake rarrabewa. In taɓa kare kawai aka yi ko ya lashi lafiyayyar fata, wanki ya wadatar. In ya ɗan ƙwarzane ko ya yakusa ko da jini bai fito ba, sai an yi allurar riga-kafi. In haƙori ya huda fata, ko ya lashi ciwo ko ido ko baki, ana yin allurar, a kuma ƙara da wani ruwan garkuwa mai suna imunogulobulin da ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa, don ya tare cutar kafin allurar ta fara aiki. Yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. A tambaya, ana iya yinsa har zuwa kwana 7 bayan allurar farko, amma rashinsa kada ya sa a jinkirta riga-kafin. Cizon fuska da kai da wuya da yatsu ya fi gaggawa, don wuraren suna da jijiyoyi da yawa, na sama kuma suna kusa da ƙwaƙwalwa. Nan ne kuma kare ya fi samun yaro saboda gajartarsa.

Tsoron allurai masu yawa a ciki da tsofaffi ke ba da labari ya wuce, wancan tsohon magani ne. Na yanzu a dantse ake yi, ƙaramin yaro kuma a cinya, ba a yinsa a ɗuwawu don ba ya aiki sosai a nan. Tsarin da aka saba shi ne ranar farko, sai kwana 3 bayanta, kwana 7, kwana 14, wasu asibitocin har kwana 28. Akwai kuma na cikin fata da ake gamawa a mako guda. Wanda likita ya ɗora ku a kai, a rubuta ranakun a bango, kada a tsallake ko ɗaya don an ga ciwo ya warke. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885, da Louis Pasteur ya fara gwada irin wannan allura a Faransa a kan wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yayyaga, yaron kuma ya rayu, ake ceton mutane da ita.

Abu biyu a kula. Na farko, allurar tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta da za a ba ku a kemis suna da amfaninsu, amma ba su ne riga-kafin haukan kare ba. Iyaye da yawa suna komawa gida da "ai an yi masa allura", alhali ba ita ba ce. A tambayi sunanta, a ga kwalbar. Na biyu, wannan allura sai a cikin sanyi take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Da irin wutarmu, kada a saya a shagon da firjinsa ke kwana a kashe, in kuma an sayo daga wani wuri a ɗauko ta a kula da ƙanƙara. Yawanci ba a ɗinke cizon kare nan take, don haka kada a matsa wa ma'aikaci ya ɗinke.

In an yi makonni ko watanni da cizon sannan aka ji labari, a je duk da haka. Muddin alamu ba su bayyana ba, ana yin allurar.

Mataki na tara: shi karen fa?

In na gida ne kuma an san mai shi, a killace shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa, likitan dabbobi ya duba shi. Karen da cutar ta kai ga miyansa ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ko ya mutu ba. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. A fara, in karen ya cika kwanakin garau, likita ne zai ce a tsaya ko a ƙarasa. Mai karen kada ya ɓoye shi ko ya sayar wa masu sayen karnuka don gudun magana, kuma mutunci shi ne ya ɗauki kuɗin maganin.

Alamun haukan sun haɗa da sauyin hali, cizon duk abin da ya tarar har itace da dutse, dalalar miyau, sauyin muryar haushi, tangaɗi, da shanyewar ƙafafun baya. Akwai kuma nau'in da ba ya faɗa ko kaɗan: karen ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, sai mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale ya zura hannu zai ciro. Kada a yi haka, ko ga kare ko ga saniya ko akuya ko jakin da aka san kare ya taɓa cizo, don su ma suna kamuwa. Irin wannan kare a sanar da jami'an dabbobi da mai unguwa nan da nan. In ya zama dole a kashe shi, shari'a ta halatta kashe kare mai cizo, amma kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ake gwadawa a Vom. Kada a taɓa gawar da hannu tsirara, kada a bar yara su ja ta a titi, a binne da zurfi. Sannan a bi gida-gida a tambaya ko ya taɓa wani yaron, don mahaukacin kare da wuya ya tsaya kan mutum ɗaya.

Yaron da aka ciza yakan daɗe yana firgita cikin barci, wani har fitsarin kwance ya dawo masa. Kada a yi masa dariya, kada a tilasta shi ya kusanci kare wai don tsoron ya fita. A raka shi hanya na ɗan lokaci, a bar shi ya ba da labarin sau nawa yake so.

Ga alarammomi da masu unguwa

Almajiri ne ya fi kowa shiga gidan da bai sani ba, da dare, da ƙwaryar abinci a hannu, kuma shi ne ba shi da uwa a kusa da za ta ga ɗingishinsa. Ina roƙon malaman tsangaya su yi wa ɗalibansu alkawarin nan na rashin duka, su sa gardawa su riƙa duba ƙafafun ƙolawa, su ajiye sabulu da buta a inda kowa ya sani. Kuɗin allurar ya fi ƙarfin yawancin tsangayu, don haka mai unguwa da kwamitin masallaci su zauna tun yanzu su tsayar da wanda za a kira in abin ya faru da dare, da mai Keke Napep ɗin da zai kai yaro asibiti, da asusun da za a ciri kuɗin allurar farko.